Hakin da na ɗauko daga Faransa

 An fi shekara kusan duk sati sai wani ya bugo waya ko ya aiko saƙo ta WhatsApp: "Malam, ina labarin ciyawarka mai ruwan bula?" Wasu da gaske suke tambaya, wasu kuwa tsokana ce, ina jin dariya a ƙarƙashin muryarsu. Ni kuma kullum sai in ce za mu zo kanta, in yi maza in saki waƙa. Asabar da ta wuce na amsa cikin minti uku, mai kula da lokaci yana ɗaga mini hannu ta bayan gilashi. Minti uku ba su isa ba, shi ya sa na zo nan. Ciyawar ta mutu tun damanar 2023, kuma akwai wani dattijo a Damagaram da ke bi na bashin wannan bayani.

A shekarar 2022 na samu istaj na wata biyu a wani ƙaramin gidan rediyo a Gap, babban garin jihar Hautes-Alpes, can kudu maso gabashin Faransa. Gari ne cikin duwatsu, bisa tudun da ya haura mita 700. An sauke ni gidan wata tsohuwa, malamar lakwal ce da ta yi ritaya, ita kaɗai take zaune da kyanwarta. Madam nake ce mata, ita kuma ta kasa faɗin sunana daidai har na baro garin.

Na sauka cikin watan Yuli, na tarar ba su da zance sai na fari. Da farko dariya nake a zuci. Mutanen da kogi ke ratsa garinsu, duwatsunsu cike da itatuwa, su ne ke kukan fari gaban ɗan Maraɗi? Amma da na fara aikin ɗauko rahoto sai na ga abin nasu ba wasa ba ne. Hukumar yanayi ta ƙasar ta ce tun 1959 da aka fara irin wannan lissafi ba a ga watan Yuli mai ƙarancin ruwa kamar wannan ba. A farkon Agusta minista ya fito ya ce garuruwa sama da 100 ba su da ruwan sha a pampo, sai da motocin sitan ake kai musu. An kai ni tafkin Serre-Ponçon, babban baraj ɗin da ke kan kogin Durance, na ga ruwa ya ja baya da mitoci sama da 10, gadojin katakon da ake ɗaure kwale-kwale suna zaune bisa busasshen laka. Perfe ya fitar da doka: ba ban-ruwan gazon, ba wanke mota a gida. Duk unguwarmu gazon ya koma launin buhun siminti.

Gaban gidan Madam ne kaɗai bai nuna alamar wahala ba. Ba ta da gazon ko taki ɗaya. Tsakuwa ce fara a shimfiɗe, cikinta kuma wasu gindayen ciyawa guda tara, kowane ya yi tsiri kamar bushiya ta miƙe ƙayoyinta. Tsawonsu bai wuce gwiwa ba, rabin mita ko ya ɗara kaɗan. Ganyen siriri ne, mai tauri, launinsa tsakanin shuɗi da toka, kamar tsohuwar rigar da ta sha bula. Daga tsakiya wasu karare masu tsawon mita sun fito, da zangarniya ruwan tasono suna rausaya. Da yamma in iska ta taso daga duwatsu, sai in fito da shayina in zauna ina kallonsu har duhu ya yi.

Ta ce mini sunanta avoine bleue. Avoine wani hatsi ne dangin alkama da suke ba dawaki, su ma suna ci da safe. Wannan ƴar uwarsa ce ta daji, ba a cin ta, don ado ake shuka ta. Masana suna ce mata Helictotrichon sempervirens, kalmar ƙarshen tana nufin wadda ba ta rabo da ɗanyen ganye. Madam ta nuna mini duwatsun da ke bayan gari ta ce ai ƴar nan ce, asalinta kudu maso yammacin Alpes, ɓangaren Faransa da Italiya, a kan gangaren dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza. Wanda ya fara rubuta bayaninta ma ɗan yankin ne, Dominique Villars, an haife shi 1745 a ƙauyen Le Noyer da ke arewa da Gap. Da kiwo ya fara tun yana yaro, daga baya ya zama likita, ya rubuta littafi kan tsirran lardin Dauphiné, ya rasu 1814. Wata Lahadi ta kai ni Charance, inda ake da cibiyar adana tsirran Alpes, muka yi yawo har ƙafafuna suka gaji, ita ko a jikinta.

Na yi mata tambayoyi irin namu na ƴan jarida, ita kuma malama ce, ba ta gajiya da bayani. Ta sa ni na murza ganye ɗaya da yatsa, sai shuɗin ya goge, kore ya fito. Ashe launin wani siririn kaki ne bisa ganyen, yana mayar da hasken rana baya, yana rage ruwan da ke fita. Ganyen kuma yana naɗewa kamar tabarma in zafi ya yi yawa. Ta ce ciyawar tana son rana sosai, da ƙasa maras ƙarfi wadda ruwa ba ya kwana cikinta. Taki mai yawa yana sa ta yi laushi ta kwanta. Ba a aske ta har ƙasa kamar gazon: in sanyi ya wuce sai a sa safar hannu a taje ta da yatsu, matattun ganyaye su fita. Bayan shekara uku ko huɗu tsakiyarta tana mutuwa, sai a tone gindin a raba shi, a sake dasawa da tazarar rabin mita. Ban-ruwa kuwa, ta ce shekarar farko kaɗai, kafin saiwa ta kama.

"Daga nan fa?" na ce.

"Daga nan babu," in ji ta. "Wannan bazarar ban zuba musu ko kofi ɗaya ba."

Wannan jimlar ce ta shiga kaina ta ƙi fita. Lokacin ban daɗe da tarewa gidana a unguwar Zariya ba, tsakar gida rairayi ne zalla, iska na kwasowa tana zuba mana cikin tuwo. Na taɓa gwada gazon wata uku, da faktir ɗin ruwa ta zo uwargida ta aje mini ita bisa matashin kai ba ta ce komai ba. Na tuna otal-otal da ofisoshin Yamai inda tiyo ke zuba dare da rana don ƴar koren ciyawa, alhali a bayan katangar mata na layi da bidon. Sai ga shi an nuna mini abu mai kyau wanda ba ya shan ruwa. Kafin in taso na shiga wani kantin kayan lambu na sayi ƙunshin iri biyu, yuro huɗu-huɗu, wajen jika biyar ke nan da ɗan ɗoriya. A jikin takardar an rubuta da manyan baƙaƙe cewa tana jure fari. Akwai ƙananan baƙaƙe a baya. Ban karanta su ba sai bayan kusan shekara guda.

Kuskuren da ya fi kowane girma shi ne wanda na yi sati guda da dawowata. Ko ƙwaya ɗaya ban shuka ba na shiga istudiyo na ba da labari. Na ce jama'a, na gano wata ciyawa a ƙasar Nasara wadda farin da ya ƙone gazon ɗinsu bai taɓa ta ba, kuma in Allah ya yarda ita ce za ta ƙawata gidajenmu ba tare da asarar ruwa ba. Na faɗa da irin muryar da muke karanta sanarwar gwamna. Waya ta yi ta shigowa. Cikin masu kiran akwai wani dattijo daga Damagaram, mai sayar da dashen itatuwa a bakin gudron: dalbejiya, mangwaro, lemu, furanni kaɗan. Ya ce shekara ashirin yana wannan sana'a, kuma kowa ya san halin ruwa a Damagaram, shi da kuɗɗinshi yake sayen bidon daga ƴan ga-ruwa in pampo ya ɗauke. In har akwai abin ado da ba ya shan ruwa, to shi ne mutum na farko da ke buƙatar shi. Na ji daɗi ƙwarai. Na naɗe ƙunshi ɗaya cikin ambulan na ba direban mota ya kai mishi.

Inna kuwa da na nuna mata nawa ƙunshin, ta zazzage kaɗan a tafin hannu, ta kai kusa da ido.

"Mi ne ne wanga?"

"Irin ciyawa ne, Inna. Ta ado."

"Ana ci?"

"A'a."

"Bisashe na ci?"

"Ba don su ba ce."

Ta mayar mini da shi. "Kai ɗan nan, mutane na tahiya ƙasar Nasara su kawo agogo, kai ka ɗauko muna haki. Hakin da muka kwana muna noma muna hiddawa daga gona."

Na jira har sanyi ya shigo, don Madam ta ce iri ya fi son tsirowa cikin sanyi. Tsakiyar Nuwamba na haɗa rairayi da tsakuwa da ɗan taki cikin tukwanen ƙasa, na zuba ƙwaya 40. Bayan sati uku 17 suka fito, sirara kamar gashin jariri. Disamba da Janairu abin ya yi kyau har ya ba ni mamaki. Hunturu na busawa, mu muna rawar ɗari da safe muna jin wuta, su kuwa suna ta ƙara ganye. Cikin Fabrairu shuɗin ya fara bayyana. Na ɗauki hoto na saka a Facebook, na rubuta abin da yanzu nake jin kunyar maimaitawa. Mutum sama da 300 suka danna alamar so. Wasu daga cikinku na nan, ina ganin sunayenku.

Maris ya shigo, girma ya tsaya. Ban damu ba. Afrilu ya zo da zafinshi, ma'auni na wuce 40 kullum, sai bakin ganye ya fara ƙonewa daga sama yana sauka. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Na koma safe da yamma. Na janye tukwanen daga rana zuwa gindin bango, daga nan zuwa baranda. Ciyawar da na yi wa shela cewa ba ta shan ruwa ta koma tana shan arozuwar biyu a yini, kuma tana ci gaba da mutuwa. Wani dare uwargida ta fito ta tarar da ni ina jan tukwane uku zuwa ɗakin da ke da kilim. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Maigida, yara na kwance waje bisa tabarma don kada kuran ya yi yawa, haki kuma zai kwana cikin kilim?"

Na mayar da su baranda. Ƙarshen Mayu saura biyar.

Na sa rai ga damana. Na ce in ruwa ya sauka gari ya yi sanyi za su farfaɗo. Ruwa ya sauka, kowane haki a Maraɗi ya yi tsalle, har bisa katanga ƙarangiya ta tsiro. Nawa kuwa sai wasu ɗige-ɗige ruwan tsatsa suka feso a ganye, in ka shafa sai gari ja ya biyo yatsa. Gindin ya yi baƙi ya yi laushi. Ta ƙarshe na ja ta da yatsu biyu cikin Agusta, ta fito ba tare da gardama ba, saiwar ta ruɓe tana wari. A ranar na nemo takardar ƙunshin na karanta bayanta. An rubuta cewa ba ta son zafi mai haɗe da laima, kuma tana jure sanyi mai tsanani, har ƙasa da sifili da nisa.

Ina da aboki tun lise, tare muka yi Bak D, shi ya bi fannin noma, yanzu yana aikin bincike kan abincin dabbobi. Na kai mishi gawar cikin leda. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce in tuna darasin SVT na ajin ƙarshe, wanda mushe ya cika allo da C3 da C4 muna kwafa ba mu san amfaninshi ba. Tsirrai ba hanya ɗaya suke bi wajen haɗa abincinsu daga iska da hasken rana ba. Alkama, avoine da wannan ciyawa tawa ƴan C3 ne, aikinsu ya fi kyau cikin sanyi-sanyi, tsakanin degre 15 zuwa 25. In zafi ya yi yawa sai su rufe ƙofofin ganye don tsare ruwa, injin nasu ya koma yana ɓarnar abin da ya tara. Gero, dawa, masara da yawancin hakin dajinmu ƴan C4 ne, suna da wata dabara ta tara iskar cikin ganye, shi ya sa rana na dukan su suna ƙara girma. Ya ce ai shi ya sa ba wanda ke shuka alkama da damana a ƙasar nan, sai da sanyi, a fadama. Da na yi tunanin alkama minti ɗaya da ban kai ga haka ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar da ya yi kan kalmar fari. Ya ce kalma ɗaya ce muke fassarawa, amma abu biyu ne. Farin Gap wata biyu ne ko uku, yana zuwa bayan dusar ƙanƙara ta narke ta jiƙa ƙasa, bayan ruwan bazararsu. Saiwa tana cikin tsagin dutse mai sanyi. Kuma ko rana ta yi zafi, dare yana hucewa. Wannan gaskiya ne, don ni kaina cikin Agusta da bargo nake kwana a gidan Madam. Ciyawar tana yin girmanta kafin zafi, ta yi barci ƴan makonni, ta farka da kaka. Mu kuwa wajen milimita 500 muke samu a shekara, duka cikin wata huɗu, sauran wata takwas ko ɗigo. A Afrilu da Mayu dare ma sau da yawa ba ya sauka ƙasa da degre 25, tsiron ba ya samun lokacin hutawa, yana ƙone ajiyarshi dare da rana. Tukunyar da na aje bisa siminti kuma ta zama murhu. Ruwan da nake ƙarawa cikin wannan zafi dafa saiwar yake yi. Da damana ta zo da laima, naman gwari ya ƙarasa aikin.

Sannan ya daina dariya ya yi mini faɗa. Ya ce wa ya ba ni izinin shigo da iri cikin jaka ba takardar masu binciken lafiyar tsirrai, har in raba wa wani? Ya ce in gode Allah da ta mutu. Ya tuna mini da ciyawar ruwan nan mai fure ruwan shuɗi da ke toshe kogin Isa a Yamai tana hana masunta aiki: asalinta Kudancin Amurka, kuma don kyan furenta aka fara yawo da ita ƙasa-ƙasa. Ban da amsa, na yi shiru.

Dattijon Damagaram ya riga ya kira ni tun cikin Mayu. Na ga lambarshi sau biyu ban ɗauka ba, a na uku na ɗauka. Muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki, bai yi gaggawa ba. Sannan ya ce nashi duka sun tafi. Ya ware musu leda 30 da wuri mafi kyau a rumfarshi, ya yi wa wasu masu gidaje biyu alkawari, ɗaya har ya ba da kuɗɗin kamu, dole ya mayar. Cikin Afrilu, lokacin da bidon ya yi tsada, ya rage wa dashen mangwaro ruwa don ya ba ciyawar, tunda a rediyo aka ce abu ne mai daraja. Mangwaro goma sha ɗaya suka bushe.

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri. Ku faɗa mini abin da kuka kashe in aiko."

Ya ce, "A'a Malam, ba kuɗɗi na kira nema ba. Ni na amsa da hannuna. Amma kai a rediyo ka hwaɗi, kuma ba ni ɗai na ji ba. To a rediyon za ka koma ka warware."

Na ce insha Allah Asabar mai zuwa. Asabar ta zo ta wuce, wata ta bi ta. Ina gaya wa kaina bari in ga ko biyar ɗin da suka rage za su rayu, in samu abin faɗa. Da suka mutu sai na ce bari in gama bincike. Gaskiyar magana kunya ce. Mu masu mikoro mun saba gyara wa mutane, ɗan siyasa ya yi alkawari mu nemo tsohuwar murya mu sake saka mishi. Tamu muryar ba mai sake saka mana ita. Dattijon bai sake kira ba, kuma wannan shirun ya fi damu na fiye da in ya zage ni. Ya ɗauke ni sama da shekara kafin in yi abin da ya roƙa.

Ga ƴan uwanmu da ke karanta wannan shafi daga Liyon, Burusel ko Kanada, ciyawar ba ta da laifi. In kuna da ɗan fili mai samun rana, ƙasar ba ta riƙe ruwa, ku shuka ta, za ku ji daɗinta shekaru. Ya fi sauƙi ku sayi dashe maimakon iri, akwai nau'in da ake kira Saphirsprudel wanda ya fi jure ciwon tsatsar nan. Ga wanda ke Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, kada ya kashe ko dala a kanta. Na ga ana tallar irinta a intanet da hotuna masu kyau, hotunan ba a ƙasarmu aka ɗauke su ba.

Tukwanen sun zauna wayam har damanar da ta biyo. Wata rana Inna ta dawo daga biki a ƙauyenmu, yaro na biye da ita da buhu a ka. Ta sa aka juye a tsakar gida. Kututturan gamba ne guda shida, da ƙasarsu, an sare su daga iyakar gonar kawuna, da wasu ƙananan gindaye na nobe.

"Tunda haki kaka so," in ji ta, "ga wanda ya san mu."

Na tsaya ina kallon su. Gamba ce dai, wadda na girma ina ganin ana saƙa zana da ita, ana baibaye rumbu, manoma na barin ta a kan iyaka don ta tare iska da zaizaya. Ban taɓa kallon ta a matsayin abin ado ba, kuma na tabbata ku ma haka. Na dasa su yadda Madam ta koya mini, sai dai na ƙara tazara don gamba ba ƙarama ba ce: rami cikin ƙasa maimakon tukunya, jan marmara a shimfiɗe kewaye, nobe a gaba tunda gajere ne, gamba a baya jikin bango. Na ba su ruwa sati biyu, sama ta karɓi sauran. Zuwa Oktoba gambar ta wuce kaina, ta fitar da kai mai gashi fari-fari, in rana ta yi gora haske na ratsa shi. Noben kuma in ka murza ganyen ƙamshi ne ke biyo hannu. Da rani duk suna bushewa su koma ruwan zinariya, sai a yanke a bar gindin, ruwan farko na sauka su sake tohowa. Wanda ke son kore wata goma sha biyu ba zai samu a nan ba.

Ba wai babu matsala ba. Uwargida na tsoron maciji da kunama, don haka kullum sai an share ƙarƙashi, kuma na rage gindi biyu da ke kusa da inda yara ke wasa. Busasshiyar gamba wuta ce, ba a barin ta kusa da madafa. Akuyar maƙwabta ta gano ƙofarmu. Wani maƙwabcin kuma ya leƙo ya tambaye ni da gaske ko kasuwar zana zan fara, in haka ne a aje mishi biyu.

Na aika wa Madam hoto ta WhatsApp. Ta amsa cikin minti biyar da alamun mamaki jere, ta ce ba ta taɓa ganin ciyawa mai kyan wannan ba, ko zan iya aiko mata iri kaɗan cikin ambulan? Na kira abokina ina dariya na gaya mishi. Ya ce sanyin Gap zai kashe ta daren farko, amma ko da hakan kada in kuskura. Ya ce an kai gamba Ostareliya cikin shekarun 1930 don kiwon shanu, ta fi ƙarfinsu, yanzu a arewacin ƙasar tana cinye daji tana haddasa gobarar da ke ƙone manyan itatuwa, gwamnati na kashe kuɗɗi tana yaƙi da ita. Har can ma da sunanta na Hausa suke kiran ta, gamba.

Na rubuta wa Madam cewa iri ba zai zo ba, amma zan ci gaba da aiko hoto. Shi kuma Baba na Damagaram na kira shi bayan shirin Asabar, ya ce ya ji, yana ban-ruwa da rediyonshi rataye a reshen dalbejiya. Na ba shi labarin gambar. Ya ce wani mai otal ya taɓa tambayar shi abin da zai dasa jikin katanga wanda ba ya son ruwa, amma in ya ce mishi gamba zai ga kamar raini ne. Ya ce in turo hoton a wayar jikanshi ya nuna wa mutumin, in ya so su yi ciniki.